Kakar da Rediyon Idi Ya Shaƙe

Fati, Umaru, da ke auta Binta, abin da ya sa na ware wa shekara guda babi nata shi ne wata magana da na ji ranar sunan ɗan Umaru. Ina bayan zana ina alwala, sai na ji wani cikin surukanmu yana tambayar abin da ya maido ni gida bayan na samu zama a Turai. Umaru ya ce masa, ai aikin ne ya ƙare. Ban ji haushi ba, don lokacin da muka dawo kai Umaru kana ƙarami, kuma ni ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba. Amma aikin bai ƙare ba. Na ci gaba da yinsa daga ɗakin nan na kudu har idona ya ce ya isa. Ni na zaɓi dawowa, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Bari in fara da aikin, don na lura ko ku ba ku san shi sosai ba. Kamfanin da na yi wa aiki yana ƙera wasu alluna masu faɗin tafin hannu, da ake sa wa cikin na'urorin asibiti da na sadarwa. Kowane allo yana da pis guda biyu manya, wato ƙwayoyin lantarki da ke zaman ƙwaƙwalwarsa. Ta farko mai juyi ce: ta ɗauki abu mai gudana kamar murya ta auna shi ta mai da shi lambobi, ko ta karɓi lambobi ta mai da su igiyar da eriya za ta watsa. Ta biyu, wadda muke ce wa FPGA, fanko take fitowa daga masana'anta. Sai an rubuta mata yadda hanyoyin cikinta za su haɗu, kuma ana iya gogewa a sake rubutawa. Akwai masu zana sabon tsari, su ne sunansu ke fita. Ni nawa riƙon tsofaffi ne. In wani a wata ƙasa ya ce allonsa ya yi gardama, ni ake turo wa kukan, in bi sawun abin cikin rubutun da wani ya yi ya tafi, in gyara, in tabbatar gyaran bai ɓata wani wuri ba. Na taɓa ƙoƙarin bayyana wa kakarku Inna wannan, ta saurara har ƙarshe tana jujjuya ƙwarya.

"Ashe kiwon haya kake yi," in ji ta. "Shanun wasu."

"Haka ne, Inna."

"To, ba laifi ba ne. In dai ba su rame a hannunka ba."

A shekarar da nake ba ku labari na zo konje, wato hutun aiki, ni kaɗai da kaka, don an ce mini ƙafar Inna ta kumbura. Ku kuna can tare da mahaifiyarku Rabi saboda karatunku na lakol. Na samu Inna a rugarmu gabas da Gangara da sauƙi, amma na samu garin babu sauƙi. Ruwa ya yanke da wuri a arewa, tafkuna suka bushe, garke-garke suka gangaro tun lokaci bai yi ba. Nan kudu kuwa damina ta ja, an yanke gero amma wake da dawa suna tsaye a gona. Shanu suka cika burtali, gaba gona, baya gona. Yayana Hamma Dikko yana cikinsu da garken gidanmu. Hukuma ta sa ranar sakin gona, sai kuma ta ɗaga ta don manoma su kwashe wake, labarin ɗagawar ya isa wasu rugage bai isa wasu ba. Tun kafin in sauka wasu samari sun kora shanu cikin waken wani mutum, an fasa kan ɗaya, jandarma sun zo sun tafi da biyu. Ranar da na je gaida Hamma Dikko na same shi tsaye, ya dogara da sanda yana kallon wata saniya ja da ke lasar ƙasa.

"Sambo," ya ce mini, "ni ina iya jira. Amma kowa da ranar da ya ji. Wannan ya ce an saki, wancan ya ce saura. Rediyon abokinka kuwa, in rana ta take, sai shaaa kamar ana soya ƙosai."

Abokin nawa shi ne Idi, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a lakol. Shi ke riƙe da ƙaramin gidan rediyon jama'a a wani gari kan hanyar Gazawa, ɗaki biyu da rufin kwano da dogon ƙarfe a bayansa. Rediyon nan shi ne bakin kowa: cigiyar akuya, sanarwar rasuwa, ranar lamba, wato rigakafin dabbobi. Makiyaya kuwa ba su samun zama su saurara sai tsakar rana, lokacin da shanu suka kwanta gindin gawo, kuma daidai lokacin ne muryar ke shaƙewa. Washegari Idi ya zo da kansa kan babur. Ya yi furfura, amma dariyarsa tana nan yadda na bar ta.

"An ce kai likitan injuna ne a can," ya ce. "Zo ka ga marar lafiyata. Masu gyara sun zo daga Maradi, da safe suke zuwa, sai ta tashi ta yi musu rawa. Suna juya baya ta kwanta."

Na ce masa ni ba mai gyaran rediyo ba ne, amma zan duba. Da na kwance murfin akwatin da ke tura murya zuwa eriya, sai na tsaya. Allon da ke ciki namu ne, tsohon samfuri, irin wanda na yi shekaru ina kiwo. Ba abin mamaki ba ne sosai, don masu haɗa irin waɗannan akwatuna da yawa wurinmu suke saye, amma ganinsa nan, da gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwarsa, sai na ji kamar na gamu da maƙwabci a tashar mota ta wata ƙasa. Na kuma tuna cewa irin wannan kukan ya sha zuwa mana daga ƙasashe masu zafi: allo yana aiki, sai ya rikice, sai ya warware da kansa. Mun sa shi cikin tanda a buro, wato ofishinmu, mun gasa, bai taɓa rikicewa a gabanmu ba, har aka gaji aka aje maganar.

Ordinater ɗina, wato kwamfuta, da 'yar wayar da nake shiga cikin pis da ita ba su rabuwa da jakata. Na haɗa, na zauna a kan tabarma ina kallo. Da hantsi lafiya lau. Rana na ɗagawa kwano ya fara ƙara, zufa ta jiƙa mini riga, sai na ji injinan niƙa na garin sun tashi ɗaya bayan ɗaya, fitilar ɗakin ta yi ja, fanka ta rage gudu. Nan take lambobin da ke gabana suka fara karkacewa. Ga yadda abin yake. Lambobi suna wucewa daga pis zuwa pis a jere, bisa bugun wani agogo na ciki, mai karɓa kuma tana miƙa hannu daidai bugun. Zafi yana sa saƙo ya ɗan makara. Raguwar kuran, wato wutar lantarki, ma haka. Kowanne shi kaɗai allon yana jurewa, amma in suka haɗu sai saƙon ya makara har mai karɓa ta damƙi rabin tsoho da rabin sabo. A buro muna da zafin tanda, amma kuran ɗinmu bai taɓa rawa ba. Na zauna cikin wannan ɗaki mai kamar tukunya ina dariya ni kaɗai, Idi ya leƙo yana tambaya ko zafi ne ya taɓa ni.

Gyaran farko da na yi shi ne na ce wa mai karɓa ta ɗan jinkirta miƙa hannu. Kafin ordinater ya gama dafa sabon tsarin sai da muka ɗora shi kan bakin randa muka kewaye da jiƙaƙƙen buhu, don shi ma yana neman suma. Na zuba tsarin, rana ta take, injina suka tashi, murya ta fita tas. Idi ya rungume ni. Na koma ruga ina jin kaina. Washegari kuwa ranar kasuwa ce, gari ya waye da sanyi-sanyi, saƙo ya daina makara, mai karɓa ce yanzu ta makara. Rediyon da bai taɓa kasa gaida mutane da safe ba ya yi tsit. Ina isowa na tarar da mutane cike da ƙofa, mai cigiyar jaki, mai sanarwar ɗaurin aure, da wani daga gidan mai gari yana ta faɗa. Idi ya ja ni gefe, babu dariya a fuskarsa.

"Sambo, da muna da safe ba mu da rana. Yanzu ka ba mu rana ka karɓe safe. Mayar mini da shi yadda yake in ba ka iyawa. Jibi za a kawo takardar perfe, shugaban yankinmu, ta ranar sakin gona, kuma ba ni son in karanta wa bango."

Na mayar masa da tsohon tsarin nan take, na roƙe shi ya bar ni in ƙara gwadawa sau ɗaya. Abin da ya kamata ba jinkiri tsayayye ba ne. Sai dai a koya wa pis ɗin ta riƙa gwada kanta, ta matsa gaba kaɗan ta ga inda saƙo ke lalacewa, ta matsa baya ta ga haka, ta zauna tsakiya, kuma ta ci gaba da yin haka duk yini ba tare da mai sauraro ya ji ba. A buro irin wannan aiki sai a ba shi makonni da na'urorin awo cike da tebur. Ni ina da tabarma da randa. Na wuni ina rubutu, Idi yana kawo mini fura yana fita da sanɗa. Da muka zuba sabon tsarin ban yarda na yi murna ba. Na zauna da shi da sanyin safiya, na zauna da shi da rana tsaka, har na roƙi mai injin niƙa na kusa ya kashe ya tayar, ya kashe ya tayar, yana kallona kamar mahaukaci. Muryar ba ta motsa ba.

Da aka kawo sanarwar, Idi ya karanta da Hausa. Mai karanta musu da Fillanci kuwa ya tafi jana'iza garin Sae Sabuwa bai dawo ba. Idi ya juyo ya dube ni, ya tura mini makirfo. Na ce masa na daɗe ban yi doguwar magana da Fillanci ba.

"Uwarka da wane harshe ta yaye ka? Karanta."

Na karanta. Na faɗi ranar, na maimaita, na ce duk wanda ya ji wata rana daban to wannan ce ta gaskiya, na roƙi kowa ya riƙe sandarsa da dabbarsa. Aka yi ta maimaitawa kowace rana daidai lokacin kwanciyar shanu. Kada ku ɗauka rediyo ne kaɗai ya riƙe garin. Arɗo da masu gari sun yi ta yawo kan babura ruga-ruga, limamai sun yi magana ranar Juma'a, kuma duk da haka an ɗan yi cacar baki nan da can. Amma kowa ya ji rana guda daga baki guda, ba a ƙara zubar da jini ba. Da la'asar ɗin ranar farko na koma ruga na samu Inna zaune da ɗan rediyonta a cinya.

"Na ji ka," ta ce.

"Ya fita da kyau, Inna?"

"Injin ya fita da kyau. Fillancinka ne ya rame, kamar saniyar bazara." Ta miƙo mini ƙwaryar kindirmo. "Sha, Sambo am, ɗana. Ko zai yi kitse."

Ina nan ranar da aka saki gona. Na tsaya tare da Hamma Dikko muka ga garken ya bazu cikin kara, mai gonar da kansa ya fito ya nuna inda yake son su kwana don taki, matarsa ta aiko da tuwo. Ban taɓa ganin aikina ya isa wurin da za shi ba sai ranar. Shekaru ina tura gyara ta waya zuwa garuruwan da ban san kamanninsu ba.

Da na koma Turai na miƙa gyaran, aka gwada aka tura wa duk masu irin allon. Shugabar sashenmu, mace ce mai gaskiya, ta kira ni buro ta ce za a fara sabon samfuri kuma ni take so in ja ragamar masu zana shi. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Na yi godiya, na ce ta ba ni lokaci. Na fito ina jiran in ji daɗi, daɗin bai zo ba. Ran Lahadi da hantsi, kuna waje, na samu Rabi a madafa tana yanka albasa, na ce mata ina tunanin mu koma gida. Na fara jero mata dalilai: ƙafar Inna, tarbiyyar yara, mutanenmu da ke bukatar masu ilimi. Kun san mahaifiyarku, ɗiyar Tibiri ce, in ranta ya motsa Gobiranci ke dawo mata. Ta aje wuƙar.

"Dakata. Kada ka ce don Inna ne, Hamma Dikko na nan, matarshi na nan. Kada ka ce don yara, su ba su ce maka komi ba. Mi kake so, kai?"

Na ce, "Ni nake so. Ina son in zauna inda zan ji injin niƙa."

"To, yanzu muna iya magana," in ji ta. "Amma ka sani, ni hwa ba injin niƙa ni baro ba da ni taho nan. Na yi karatu da ciki, na yi da goyo, kahin su ba ni wanga aiki."

Rabi tana aiki a sashen jarirai na wani babban asibiti, kuma ana ji da ita. Ba ranar ta amsa ba, ba kuma cikin watan ba. Da ta amsa, da sharuɗɗa ta amsa: a Agiye za mu zauna bakin hanya, ba a ruga ba, ba za ta zauna gida ba ko da me, kuma karatun 'ya'yanta mata ba za a taɓa shi ba. Na koma wurin shugabata na ce ba na son sabon samfurin, a bar mini tsofaffin duka in riƙe su daga ƙasarmu. Ta dube ni da daɗewa.

"Ka san mai riƙon tsofaffi ba ya hawa," ta ce.

Na ce na sani. Ta yarda, don dama babu mai son su. Aka ba wani abokin aikina sabon samfurin, ya yi shi da kyau, daga baya har ya zama shugabana, kuma bai taɓa wulaƙanta ni ba.

Shekarar farko ta yi wuya, ba zan ɓoye muku ba. Rezo, wato layin sadarwa, yana zuwa yana tafiya, wani lokaci sai na hau soro da salula a hannu kafin saƙo ya fita. Sai da na kafa panno masu kama hasken rana da batura kafin in samu kuran da zan dogara da shi. Takardun Rabi suka daɗe a Yamai, ta yi watanni tana zaune, ita da ba ta iya zama ba. Da ta samu wuri a ƙaramin asibiti, ranar farko ta dawo ta shige ɗaki ta rufe, don ta ga wani jariri ya mutu, wanda a can da ya rayu. Ke kuwa Fati, ke kika fi kowa biya. Na cire ki daga cikin ƙawayenki kina tsakar girma, na kawo ki inda ake dariyar Hausarki. Kin yi damina guda ba ki ce mini komai ba sai gaisuwa, daga nan kika tafi lise, wato sakandare, a Maradi wurin gwaggonki. Ba na rubuta wannan don ki ce na yi daidai. Ina son ki san na gani, kuma ban taɓa ɗaukarsa ƙaramin abu ba.

Amma na samu abin da na zo nema. Da safe in buɗe ordinater in ga kukan wani daga wata nahiya, in wuni ina bin sawu, in la'asar ta yi in rufe in fita ƙofar gida. Ɗakina na kudu ya zama wurin da kamfani ke turo allo in ana son a san ko zai jure wahala. Ran Juma'a bayan masallaci in hau babur zuwa ruga. Inna ta yi shekaru masu dama bayan haka, har ta daina gyara mini Fillanci, kuma da ajalinta ya zo kanta yana kan cinyata. Idi yana nan, ya miƙa rediyon ga wasu, yanzu sai dai ya zo mu sha shayi mu yi musu.

Daminar da ta wuce muna zaune da Rabi a rumfa bayan an ɗauke ruwa, wata mata ta shigo da ɗiyarta budurwa da kwanon gyaɗa, ta ce ta kawo ta ne ta gaida wadda ta riƙe ta lokacin da aka haife ta bakwaini. Da suka tafi na daure na yi tambayar da na daɗe ina tsoro. Na ce ko tana nadamar biyo ni.

Ta ɗauki gyaɗa ta ɓare, ta ci, ba ta dube ni ba.

"Har yau ina mahwalkin asibitina na can," ta ce. "Da hitilunshi, da komi. In na tashi sai in ji haushinka kaɗan. Kahin in gama karin kumallo ya wuce."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Da, kullum ne." Ta tura mini kwanon. "Ci. Ta bana ce, da daɗi."

Muka zauna muna ɓara har aka kira magariba.